Ka haura arba'in kana son fara gudu mai nisa? Numfashinka ne zai fara yaudararka

Zumuɗi ne yake kayar da yawancin mutanen da suka fara gudu bayan sun haura arba'in. Mutum zai fara yana haki kamar ransa zai fita, bayan sati huɗu ko biyar sai ya ji numfashin ya daidaita, jiki ya saki, sai ya ce ai shikenan ya dawo yadda yake a da, ya ninka nisan, ya ƙara sauri, kafin wata uku yana ɗingishi. Dalilin kuwa shi ne zuciya da huhu suna saurin sabawa da wahala, cikin makonni kaɗan ka ji bambanci, amma agara da sauran jijiyoyin da ke riƙe gaɓoɓi da shi kansa ƙashi sai sun ɗauki watanni, don jinin da ke zuwa musu bai kai na tsoka ba, kuma da shekaru suka ja gyaran nasu ƙara nawa yake yi. Kamar ka sa wa tsohuwar mota sabon inji ne ka bar ta da tsofaffin tayoyi. Duk takun da ka yi a guje, nauyin da ke sauka a ƙafarka ya kai ninki biyu zuwa uku na nauyin jikinka, wato mai kilo 80 yana dira wa ƙafa ɗaya kilo 160 ko fiye, kuma a kilomita guda kusan taku dubu zai yi. To lissafa.

Don haka duk abin da zan faɗa a nan manufarsa guda ce, yadda za ka ba numfashi aikin da yake so ba tare da ka kashe ƙafa ba.

Kafin komai dai, in kana da hawan jini ko ciwon suga, ko kana shan taba, ko a danginku akwai wanda ciwon zuciya ya kama tun bai tsufa ba, ko kuma shekaru ne ka yi ba ka motsa ba ga tumbi ya fito, je ka ga likita ya auna ka tukuna. Ka faɗa masa magungunan da kake sha, domin akwai na hawan jini irin su atenolol da ke rage bugun zuciya, sai agogo ya riƙa nuna maka lamba ƙasa alhali kana wahala. Akwai kuma ciprofloxacin da danginsa, waɗanda an tabbatar suna iya raunana agara har ta tsinke, in an ɗora ka a kansu ka jingine gudun har ka gama ka kuma tambayi likita yaushe za ka koma.

Farawa kuwa da tafiya ake yi, a haɗa da sassarfa. Tsarin nan da ake kira Couch to 5K, wato daga zaman kujera zuwa gudun kilomita 5, wanda wani Ba'amurke Josh Clark ya fitar a 1996 kuma hukumar lafiya ta Birtaniya ta ɗauka take koyar da mutane, sati 9 ne, sau uku a sati, kuma satin farko abin da za ka yi kawai shi ne tafiya ta minti biyar don jiki ya ɗumama, sai sassarfa daƙiƙa 60, tafiya daƙiƙa 90, kana maimaitawa har minti 20. Za ka ji kamar wasan yara ne, bar shi a haka. In wani sati ya yi maka nauyi ka maimaita shi, ba wanda yake riƙe maka rajista. Kuma haɗa gudu da tafiya ba abin kunya ba ne, Jeff Galloway da ya wakilci Amurka a gasar Olamfik ta 1972 ya yi shekaru yana koya wa mutane su gama gudun fanfalaki da wannan salon.

Maganar sauri ita ce wadda mutane suka fi ƙin ji. Yawancin gudunka ya kamata ya zama a hankali sosai, yadda za ka iya yin hira da na kusa da kai jimla cikakkiya ba kana yanke magana kana jan iska ba. Masanin motsa jiki Stephen Seiler ya bibiyi yadda manyan 'yan tsere suke tirenin, ya ga kusan kashi 80 cikin 100 na atisayensu mai sauƙi ne, ragowar 20 ɗin ne kawai mai zafi. To in ƙwararru haka suke, kai da ka taso daga ofis da ciwon baya me zai sa kullum ka riƙa gudu kamar an biyo ka? In kana da agogo mai auna bugun zuciya, lissafin da aka saba shi ne ka cire shekarunka daga 220, ɗan shekara 45 zai samu 175 a matsayin ƙololuwa, sai ya tsaya wajen kashi 65 zuwa 75 na wannan a gudu mai sauƙi. Amma ƙiyasi ne fa, yana iya kaucewa da bugu goma ko fiye, ni dai na fi yarda da gwajin hira.

Kwana uku a sati ya isa, kuma kar su zo a jere. Abu ɗaya ake ƙarawa a lokaci guda, ko nisa ko sauri ko yawan kwanaki, ba duka ba. Ana yawan cewa kar ƙarin ya wuce kashi 10 cikin 100 a sati, ba doka ba ce, ma'auni ne dai na hana zaƙewa. Abin da na fi gani da amfani shi ne duk sati na huɗu ka rage da gangan, ka yi kamar kashi biyu cikin uku na abin da ka saba ko da kana jin ƙarfi, a wannan satin ne jijiyoyi suke cimma numfashi.

Sauran kwanakin fa? Nan ne keke da ninkaya suke shigowa. Zuciya ba ruwanta da ko gudu kake ko feda kake murzawa, aiki kawai ta sani, don haka minti 40 zuwa awa ɗaya a kan keke zai ƙara maka juriya ba tare da ko taku ɗaya ya daki gwiwa ba. Ka dai gyara tsayin sirdi yadda in feda ta sauka ƙasa gwiwarka za ta kusa miƙewa amma ba gaba ɗaya ba, sirdi mai gajarta shi ke jawo ciwon gaban gwiwa. Ninkaya ta fi kowanne sauƙi ga gaɓoɓi, tana kuma buɗe kafaɗa da baya waɗanda zaman kujera ya ƙage. Wanda bai iya ninkaya ba kuwa, zai iya shiga inda ruwa ya kai ƙirji ya riƙa yin gudu a ciki, masu jinyar rauni da yawa da haka suke riƙe ƙarfinsu. Akwai tafiya mai sauri a hawan tudu ko matakala, akwai injinan jim na tuƙin kwale-kwale da na taka feda a tsaye, duk wanda ka samu kuma ba ya gundurarka shi ne daidai. Sharaɗi biyu ne kawai. Na farko kar ka mai da ranar keke ranar tsere, in ka sauko cinya na rawa to gudun gobe ka lalata. Na biyu ka san cewa keke da ruwa ba sa ɗora wa ƙashi nauyi, saboda haka ba za su koya wa ƙafa jure dukan ƙasa ba, wanda ya yi wata biyu a keke kaɗai in zai dawo gudu sai ya dawo a hankali ko da numfashinsa na nan daram.

Sai ɗaga nauyi, wanda in za a ce in zaɓi abu ɗaya da mai matsakaicin shekaru ba zai bari ba to shi ne, kuma shi ne masu gudu suka fi gudu. Daga shekara 30 tsoka take fara zaizayewa, kashi 3 zuwa 8 cikin 100 duk shekara goma ga wanda ba ya komai a kai, kuma gudu kaɗai ba ya tare wannan. Ga mata abin ya fi muhimmanci, don bayan ɗaukewar al'ada ƙashi yana saurin rage ƙwari. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawararta ta 2020 ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a sati, ko 75 zuwa 150 na mai zafi, sannan a ƙara da ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu, wannan na ƙarshen ne ake tsallakewa. Wani nazari da ya tattara bincike da yawa a 2014 ya nuna atisayen ƙarfi yana rage raunin wasanni sosai, miƙe jijiya kawai kuwa kusan ba abin da ya rage.

Ba sai ka je jim ba. Ka tsaya a bakin matakala da ƙafa ɗaya, rabin tafin a waje, ka ɗaga dunduniya sama sannan ka sauke ta a hankali kana ƙirga uku, sau 12 zuwa 15, zagaye uku kowace ƙafa, wannan shi ne abincin agara da sha-raɓa. Ka tsaya gaban kujera ka yi kamar za ka zauna, da mazaunai sun taɓa sai ka miƙe. Ka hau benci ko mataki mai tsayi da ƙafa ɗaya ka sauko ba tare da gwiwa ta karkata ciki ba. Ka kwanta rigingine, gwiwa a lanƙwashe, ka ɗaga ƙugu sama ka riƙe. Ka kife ka dogara da gwiwar hannu da yatsun ƙafa, jiki a miƙe sambal na daƙiƙa 30. Minti 25 ka gama duka. Amma ga inda ake kuskure, in ya zama kana yin 15 kana kallon waya ba ka ji komai ba to lokacin ƙara nauyi ya yi, ka goya jaka da kaya a ciki ko ka riƙe ƙarfe, ya zamana biyun ƙarshe da ƙyar suke fita. Kuma kar ka yi mai nauyin ana gobe doguwar fita.

Satin wanda ya riga ya kai kilomita 5 zai iya zama haka, Litinin ɗaga nauyi, Talata gudu mai sauƙi minti 30, Laraba keke ko ruwa, Alhamis gudu da ɗan zafi a tsakiya misali minti biyu da sauri minti biyu a hankali sau biyar, ka biyo da ɗaga nauyi mara yawa, Juma'a hutu cur, Asabar doguwar fita a hankali, Lahadi tafiya ko keke na shan iska. Ka jujjuya shi yadda aikinka ya ba ka dama, abin kiyayewa dai kar ranar atisaye mai zafi ta bi wata ranar atisaye mai zafi.

Za ka ji masu cewa gudu yana cinye gwiwa. Wani babban nazari na 2017 ya samu amosanin gwiwa ko ƙugu a kashi 3.5 na masu gudu don lafiya, kashi 10.2 a marasa motsa jiki, kashi 13.3 a masu gasa na ƙoli da suka daɗe suna tara nisa. Wato mai zama ya fi ka shiga haɗari. Sai dai wannan ba lasisin taka ciwo ba ne. Tsamin jiki da ke zuwa kwana ɗaya ko biyu bayan atisaye, a ɓangarori biyu, yana sakinka da ka ɗumama, wannan ba komai. Wanda yake waje ɗaya har kana iya nuna shi da yatsa a kan ƙashin ƙwauri ko saman ƙafa, ko yana ƙaruwa kana cikin gudu, ko ya sa ka canza taku, to tsaya, yana iya zama tsagewar ƙashi. Dunduniya ko agara da ke yi maka zafi a takun farko da safe gargaɗi ne, ka koma keke na sati ɗaya ko biyu, in bai lafa ba ka ga likitan gashin ƙashi. Kuma don Allah kar ka haɗiyi ibuprofen ko diclofenac don ka samu ka fita doguwar tafiya, suna rufe ciwon kana ƙara ɓarna, ga shi in jiki ya bushe suna taɓa ƙoda, garin gyaran gira a rasa ido kenan. Nauyi ko matsewa a ƙirji, zafi da ke tafiya hannu ko muƙamuƙi, jiri, bugun zuciya da ya rikice, waɗannan kam ba a jira, a tsaya nan take a nemi asibiti.

Takalmi ba sai mai tsada ba, wanda ya yi maka daɗi a ƙafa kuma akwai sararin babban yatsa a gaba, don ƙafa tana kumbura a dogon gudu. Yawanci bayan kilomita 500 zuwa 800 sosonsa ya mutu ko da samansa na sheƙi. In ana zafi ka fita da sassafe ko da yamma ka kuma rage sauri. Ruwa ka sha gwargwadon ƙishi, ɗurawa fiye da kima a dogon gudu tana sa gishirin jini ya faɗi, kuma tana kisa. Barci awa bakwai, in daren jiya uku ka samu to yau tafiya ce ta kama ka.

Batun gasa, ka zauna a kilomita 5 da 10 na wasu watanni, sannan rabin fanfalaki mai kilomita 21.1. Cikakken, kilomita 42.195, ni a ganina sai ka yi shekara ɗaya aƙalla kana gudu ba tare da rauni ba, kuma ga mai aiki da iyali rabin ya fi daɗi nesa ba kusa ba, don shirinsa ba ya cinye maka duk ƙarshen mako. Lokaci kuma bai ƙure maka ba, Ed Whitlock ɗan Kanada ya gama cikakken a ƙasa da awa uku a 2003 yana da shekara 72. In ka yi rajista, sati biyu kafin ranar ka fara rage nisa, satin ƙarshe ka ajiye ƙarfe mai nauyi. Ranar kanta kar ka sa sabon takalmi ko sabuwar safa, kar ka ci abin da cikinka bai sani ba, kuma kilomita biyun farko ka bar jama'a su wuce ka, ka tafi a saurin da ka saba a doguwar fitarka, sai ka wuce rabi in da saura ka ƙara.