Yadda nake bin sawun kuskure idan ƙarin C ya kashe Python

Idan Python ya mutu nan take, bai bar maka komai ba sai "Segmentation fault" a baƙin allo, ka daina zargin layukan da ka rubuta da Python. Matsalar tana can ƙasa, cikin C: ko a CPython kansa, wato ainihin manhajar Python da aka rubuta da yaren C, ko a wani ƙari da aka rubuta da C aka jona masa. Yawanci ƙarin ne mai laifi, don haka da shi nake farawa.

Ka fara rage shirin har ya koma layuka kaɗan da ke kashe shi a kowane gwaji. Sai ka kunna shi da `python -X faulthandler`, wanda ke nan tun Python 3.3, zai nuna maka layin da ake kai lokacin da ya faɗi. Daga nan ka haɗa naka Python ɗin na gwaji, mai ƙarin bincike a ciki don kama kurakurai, da `./configure --with-pydebug` sannan `make`, ka sake haɗa ƙarin a kansa. Yana ɗan cin lokaci a ƙaramar kwamfuta, gara ka yi shi sa'ad da akwai wuta.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, inda shirin ya faɗi ba safai nan ɓarnar take ba. CPython yana ƙirga masu riƙe da kowane abu, da lissafin ya kai sifili sai ya saki memorin abin. Idan ƙarin ya rage lissafi fiye da kima, abin ya mutu alhali ana buƙatarsa, amma faɗuwar sai can gaba, a wajen da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Ga wadda ta fi kama mutane. `PyList_GetItem`, wadda ke ɗauko abu daga jeri, aro take ba ka, ba ta ƙara lissafi. Ka ɗauko abu na farko a jerin, sai ka kira wani aikin Python da aka miƙo maka, shi kuma ya share jerin. Ka dawo ka taɓa abin da ka aro, ashe an riga an sake shi. Zanen aro ba ya rufe katara. Magani: `Py_INCREF`, mai ƙara lissafi, kafin kiran, `Py_DECREF`, mai rage shi, bayan ka gama. A 3.13 an kawo `PyList_GetItemRef`, wadda ke ba ka mallaka kai tsaye. Ita kuwa `PyTuple_SetItem` karɓe abin take daga hannunka, idan ka sake yi masa `Py_DECREF` ka rage sau biyu ke nan.

A nan Python na gwaji yake biyan wahalar haɗa shi: memorin da aka saki yana cike shi da 0xDD. Ka buɗe gdb, manhajar leƙa cikin shirin da ya faɗi, ka buga `bt` don ganin ɓangaren C, `py-bt` don na Python. Da ka ga adireshi kamar 0xdddddddddddddddd, magana ta ƙare, an taɓa mataccen abu ne. In kana son sanin wanda ya sake shi, sa `PYTHONMALLOC=malloc` kafin ka kunna valgrind, manhajar da ke sa ido kan amfani da memori, domin ƙananan abubuwa, har zuwa bayit 512, CPython da kansa yake raba musu memori, valgrind ba ya ganin abin da ke gudana a ciki.

Kada ka yi gwaji da `None` ko ƙananan lambobi. Tun 3.12 ba sa mutuwa, lissafinsu ba ya motsi, sai gwajin ya wuce lafiya alhali kuskuren na nan daram. Ƙirƙiri sabon abu, kamar jeri ko dogon rubutu.

Yoyon memori kishiyar wannan ne, an manta `Py_DECREF`, musamman a hanyar fita idan an samu kuskure. Kira aikin sau dubu, ka duba `sys.gettotalrefcount()` kafin da bayan; a Python na gwaji kaɗai ake samunta.

In ka tabbatar laifin na CPython ne, `git bisect`, mai lalube cikin tarihin sauye-sauyen da aka yi wa CPython, zai kai ka ga sauyin da ya kawo shi. Rubuta gwajin da ke faɗuwa kafin ka gyara, ka bi shi da `./python -m test -R 3:3` don kama yoyo, sannan ka kai rahoto GitHub, inda masu kula da CPython suka mayar da karɓar rahotannin kuskure a 2022. In za ka tura gyaran, kar ka manta ɗan bayaninsa da ake sakawa a `Misc/NEWS.d`, za su tambaye ka shi.