Yadda Ake Goge Danƙon Takardar Farashi a Jikin Kwalba

1. Ki jiƙa kwalbar cikin ruwan ɗumi mai sabulu kamar minti 15, takardar za ta saɓule da kanta.
2. Danƙon da ya rage kuwa, ruwa ba ya cin sa, sai mai. Ki ɗiga man gyaɗa kaɗan, ki shafa da yatsa, ki bar shi minti 10 ya ratsa. Idan ya yi taurin kai, haɗa man da ɗan bakar hoda ki murza.
3. Kankare da tsohon katin ATM. Kada ki sa wuƙa a jikin roba, za ta bar zane.
4. Wanke da sabulu sosai.

Kananzir ma yana yi, amma ban da mazubin abinci, warinsa ba ya fita.