Yadda ake kwashe ragowar manhajoji a Ubuntu

Masu gyaran kwamfuta a nan Kaduna sun yi ta tambaya. Ga matakan:

1. Jona caja. Idan kwamfuta ta mutu ana cikin gogewa, dpkg, manhajar da ke saka da cire manhajoji a Ubuntu, kan rikice.
2. Danna Ctrl+Alt+T don buɗe Terminal, inda ake rubuta umarni.
3. Rubuta `apt autoremove -s`. Gwaji ne, ba ya taɓa komai, jerin abubuwan da za a goge kawai yake nunawa.
4. Karanta jerin a tsanake. Hattara, nan ake ɓarna: manhajar da ka harhaɗa da hannunka, apt, mai kula da manhajojin Ubuntu, bai san da ita ba, sai ya ɗauka abubuwan da ta dogara a kansu shara ne.
5. Wanda kake buƙata, kare shi: `sudo apt-mark manual sunansa` (saka sunan abin a madadin "sunansa").
6. Rubuta `sudo apt autoremove --purge`, har fayilolin saiti zai kwashe.
7. Danna Y da kanka. Don Allah kar ka saka `-y`, yana tsallake tambayar.