Maganin da Ake Maƙalewa a Kunci: Kurakuran da Ke Ɓata Aikinsa

Akwai magungunan da ba don ciki aka yi su ba. Ana ajiye su tsakanin kunci da dasashi, ko a ƙarƙashin harshe, su narke, ƙananan jijiyoyin jinin da ke fatar baki su zuƙe su. Ta haka suke kauce wa hanta, wadda ke karya ƙarfin wasu magunguna tun kafin su zaga jiki. Shi ya sa haɗiyewa ita ce babban kuskure. Mai ciwon ƙirji da ya kora ƙwayar nitroglycerin da ruwa ya yi asararta, domin hanta za ta lalata kusan dukanta. Ƙarƙashin harshe ake sa ta, kuma a zaune, saboda tana saukar da ƙarfin jini har jiri ya ɗebi mutum.

Sai rashin haƙuri. Wani ya tauna, wani ya tsotsa, wani ya yi ta juya ƙwayar da harshe, miyau ya taru ya tafi da maganin maƙogwaro. A bar ta inda aka sa ta. Idan baki ya bushe, a jiƙa shi da ruwa kafin a sa magani. Ci da sha kuwa sai ya gama narkewa. Kada a ɗora shi kan miki, kuma mai sha kullum ya riƙa sauya kunci.

Inda hankalina ya fi tashi shi ne ruwan midazolam da likita ke rubuta wa yaro mai farfaɗiya, don jijjigar da ta wuce minti 5. Yaro na karkarwa, haƙora a datse, hannun uwa na rawa, sai a shiga ƙoƙarin ɓanɓare masa baki. Babu buƙata ko kaɗan. A ja kuncin a hankali, a zura bakin sirinjin, wanda ba a taɓa sa masa allura, tsakanin kunci da dasashin ƙasa, a matsa sannu sannu. Idan ruwan da yawa, rabi dama rabi hagu. Watsa shi da ƙarfi cikin maƙogwaro na iya shaƙe yaron.

Daga nan a duba agogo, a kwantar da shi ta gefe, ido na kan numfashinsa, don maganin yana iya rage shi. Kada tsoro ya sa a ƙara na biyu ba da umarnin likita ba. Jijjiga ta kai minti 10 bayan an ba shi ba ta tsaya ba, a nemi agajin gaggawa nan take.