Yadda za a rage hayaƙin tashoshin lantarki masu ƙona mai da kwal

Duk wanda ya taɓa kwana a Tahoua cikin zafin watan Afrilu ya san darajar wutar lantarki, don haka ba mai hankalin da zai ce a kashe injunan NIGELEC, kamfanin wutar lantarki na Nijar, saboda hayaƙi. Lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take turo mana a watan Agusta na 2023, nauyi ya ƙaru a kan tashoshin da ke ƙona mai, irin ta Gorou Banda da ke kusa da Yamai, wadda aka buɗe a 2017. Abin da ya kamata mu sani shi ne yadda za a sami wutar ba tare da an cika huhun jama'a da guba ba, musamman yanzu da ake maganar gina tashar kwal a Salkadamna, nan cikin jiharmu.

A fara da awo. A ɗora na'urar auna hayaƙi a bakin bututu, a kafa wata a unguwannin da iska ke kai hayaƙin, sannan a riƙa bayyana sakamakon ga jama'a. Abubuwan da ake nema su ne iskar farar wuta, da iskar naitirojin da tsananin zafin ƙuna ke haifarwa, da kuma ƙurar nan mai laushi da ido ba ya gani, wadda ita ce ta fi ba ni tsoro, domin tana ratsa huhu har ta shiga jini.

Sai a duba abin da ake zuba wa injin, domin farar wutar da ta shiga tare da mai ita ce take fitowa ta bututu. Man nan mai kauri da ake kira fiyul ya fi gazuwal araha, amma ya fi shi farar wuta nesa ba kusa ba, saboda haka a rubuta iyakarta cikin kwangilar sayen mai, a kuma gwada kowace tanka kafin a sauke ta.

Kulawa da injin ita ce hanya mafi araha, kuma ita aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ƙurar hunturu tana toshe matacin iska cikin ɗan lokaci, kuma injin da bai sami isasshiyar iska ba ba ya ƙona mai sosai, sai ya riƙa aman baƙin hayaƙi yana shan mai fiye da ƙima. A canza mataci a kan kari, a gyara bakin feshin mai, kuma kada a bar injuna da yawa suna aiki da ƙaramin lodi alhali kaɗan daga cikinsu za su iya ɗaukar nauyin. Ga iskar naitirojin kuwa, akwai na'urar da ke fesa ruwan yuriya cikin hayaƙi, wadda ke rage ta da kashi 80 cikin 100 ko fiye.

Batun kwal ya fi nauyi. Ƙasarmu ta san shi tun 1981, lokacin da tashar SONICHAR ta fara aiki a Anou Araren ta jihar Agadez, kuma ba daidai ba ne a gina sabuwar tasha da dabarun wancan zamani. Matatan buhu ko na lantarki suna kama fiye da kashi 99 cikin 100 na tokar da ke tashi. Farar wuta kuma ana kama ta da farar ƙasa, wadda Allah ya hore mana ita a Malbaza, inda masana'antar siminti take. Idan aka wanke hayaƙi da ruwan farar ƙasa, ana kawar da fiye da kashi 90 cikin 100 na iskar, a kuma sami jibsin da masu siminti ke buƙata. Sai dai wannan hanya tana shan ruwa sosai, kuma duk ɗan Ader ya san wahalar ruwa, don haka ni na fi karkata ga tukunyar da ake zuba garin farar ƙasa cikinta tare da kwal, ta kama farar wutar tun a wurin ƙuna. Tokar da aka tara a adana ta a rami mai shimfiɗa, a rufe, don kada iska ta mayar da ita gonaki ko ruwan sama ya kai ta rijiyoyi. Dogon bututu kuwa ba ya rage komai, yana dai kai hayaƙin ƙauye na gaba.

Tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 da ta Gorou Banda mai megawat 30 suna ba da damar a sassauta wa injuna da rana, kuma kowace litar da ba a ƙona ba ta rage hayaƙi har da iskar kabon mai ɗumama duniya, wadda matatan da aka ambata ba sa kamawa.

Haɗa waɗannan na'urori tun a zanen tasha ya fi sauƙi da araha a kan liƙa su bayan an gama gini. Saboda haka idan aka kira taron jin ra'ayin jama'a kan illar aikin ga muhalli, hakimai da kansiloli da ƙungiyoyin makiyaya su tambayi irin matacin da za a sa, da inda za a samo ruwa, da inda za a zuba toka, su kuma nemi a ba su amsar a rubuce.