Ciwon hantar dabbobi: inda masu kiwo suka fi yin kuskure

Saniya tana ci tana ramewa, gashinta ya tashi, cikin idonta ya yi fari, ƙarƙashin haɓarta ya kumbura da ruwa. Sau da yawa alamun tsutsar hanta ke nan. Mafi yawan masu kiwo sai su ruga kasuwa su sayo allurar ivermectin. Kuskure na farko ke nan. Ivermectin na kashe tsutsar ciki da ƙazuwa, amma ba ya taɓa tsutsar hanta, sai wanda aka haɗa da clorsulon, irin Ivomec Super. A duba kwalin kafin a biya.

Albendazole da kowa ya sani kuwa, manyan tsutsotsin hanta kawai yake kashewa, shi ma sai an ba da fiye da adadin da ake bayarwa don tsutsar ciki. Ƙananan da ke huda hanta, waɗanda kan kashe tumaki farat ɗaya, triclabendazole ne maganinsu. Kuma ba a ba dabba albendazole a farkon ɗaukar ciki. Su kuma masu raba ƙwaya ɗaya ga shanu biyu don tattali, kuɗinsu kawai suke zubarwa.

Babban kuskuren dai shi ne a yi magani yau, gobe a mayar da garke fadamar da ya kwaso cutar. Tsutsar ba ta wucewa kai tsaye daga dabba zuwa dabba. Ƙwanta na fita cikin kashi, ya ƙyanƙyashe a ruwa, ya shiga jikin wata 'yar katantanwa, sannan ya fito ya manne a ciyawar bakin ruwa, dabba ta ci ta kamu. Shi ya sa cutar ta fi yawa a wurare irin fadamun Haɗeja da Nguru da gaɓar Tafkin Chadi, inda dabbobi ke taruwa da rani. Na san ba kowane makiyayi ke da zaɓin mashaya ba. Amma wanda ke da rijiya ko burtsatse, ya shayar a kwami. Wanda dole ta sa ya yi rani a fadama, ya tsara lokacin magani da likitan dabbobi tun kafin rama ta bayyana, domin tsutsar kan yi wajen wata 3 kafin ƙwanta ya fito a gwajin kashi.

Ba kuma kowane ciwon hanta ne na tsutsa ba. Masu kiwon ragon layya su kula da dusa da ƙuli-ƙulin da suka yi funfuna, gubarsu na lalata hanta. Haka abincin kaji ko gishirin lasa na shanu: sinadarin tagulla da ke ciki kan yi wa tumaki yawa, har ido ya yi rawaya, fitsari ya yi ja. A nan maganin tsutsa ba ya komai, sai an janye abincin an kira likita.