Yadda Ake Zaɓe da Gyara Ƙananan Taragan Giyar Inabi Su Dace da na Asali

Duk wanda ya shiga sha'anin ƙananan jiragen ƙasa na kwaikwayo, irin waɗanda ake shimfiɗa wa layin dogo a kan tebur suna tafiya da wutar lantarki, ba ya daɗewa sai idonsa ya faɗa kan wani tarago da ya fita daban, wato mai ɗauke da manyan ganguna na katako, ɗaya ko biyu, kwance a kan shimfiɗar ƙarfe, an ɗaure su tamau. Faransawa suna kiransa wagon-foudre, kuma aikinsa a zamaninsa shi ne jigilar giyar inabi. Gangar ƙaramin samfurin dai babu komai a cikinta, abin da ke jan mai wannan sha'awa shi ne tarihin sufuri da gwanintar kafintoci da maƙera. Shawarata ga mai son mallakar irinsa ita ce ya fara sanin taragon asali, inda ya yi aiki da shekarun da ya yi, kafin ya fitar da ko kwabo, domin yawancin kura-kuran da ake gani a kan tebura daga rashin wannan sani suke tasowa.

Mahaifar waɗannan taragai ita ce kudancin Faransa, musamman yankin Languedoc, inda garuruwan Béziers da Narbonne da Montpellier da Sète suke. Layin dogon da ya haɗa Bordeaux da Sète ya buɗe a 1857 a ƙarƙashin kamfanin Midi, kamfanin PLM kuma ya riƙe hanyar da ke haurawa arewa zuwa Paris. Da hanya ta samu, sai manoman yankin suka mayar da filayensu gonakin inabi, suna samar da giya mai araha da yawan gaske domin ma'aikatan biranen arewa. Loda ƙananan ganguna ɗaya bayan ɗaya yana cin lokaci da ƙarfin leburori, ga kuma wahalar mayar da su fanko, shi ya sa a ƙarshen ƙarni na 19 aka koma kafa babbar ganga a kan taragon kanta, mai cin dubban litoci, a cika ta ta sama, a zuƙe ta ƙasa. Tashar ruwan Sète kuma ta riƙa karɓar giyar da jiragen ruwa ke kawowa daga Aljeriya, harkar da ta ja baya bayan ƙasar ta sami 'yancin kai a 1962. A can Paris, rumbunan unguwar Bercy su ne babban masauki, kuma har yanzu ana ganin ragowar layin dogo a cikin daɓen duwatsun wurin.

Matakin farko shi ne ka tsayar da shekara. Kamfanonin Turai suna rubuta zamanin kowane samfuri a jikin kwali da lambobin Romawa: II yana nufin kusan tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu, III kuma daga ƙarshen yaƙi na biyu zuwa wajen 1970, kodayake iyakokin suna ɗan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Kada ka tsaya ga kwali kawai, ka karanta rubutun da ke jikin taragon. An kafa SNCF, kamfanin jiragen ƙasa na ƙasar Faransa wanda ya maye gurbin su Midi da PLM, a 1938, saboda haka taragon da ke ɗauke da alamar Midi ko PLM na kafin wannan shekara ne, ko kuma na 'yan shekarun da suka biyo baya kafin a sake masa fenti. Akwai ma wata alama da nake jin daɗin nunawa mutane: sunan garin Sète ana rubuta shi Cette ne har zuwa 1928. Idan ka ga Cette a matsayin tashar da taragon ke komawa, to bai kamata ka jona shi a bayan kan jirgi samfurin 141 R ba, domin waɗannan sai daga 1945 aka fara kawo su daga Amurka da Kanada. Haka kuma lamba mai alƙaluma 12 ta tsarin ƙasa da ƙasa sai a shekarun 1960 ta bayyana, lokacin da tankunan ƙarfe masu shafe a ciki suka riga suka ture yawancin gangunan katako.

Bayan shekara sai ma'auni. Mafi yaɗuwa shi ne HO, wanda ke rage komai sau 87, faɗin layinsa milimita 16.5, a madadin milimita 1,435 na layin asali a Faransa. Ma'aunin N yana ragewa sau 160 a kan layi mai milimita 9, ya kuma dace da mai ƙaramin ɗaki, sai dai ɗamarar ƙarfen ganga da rubutun jiki suna ƙanƙancewa har su gagari ido. Ni dai HO nake ba da shawara ga wannan nau'in tarago, saboda kyansa a cikin ƙananan abubuwa yake, kuma a nan ne zaɓi ya fi yawa. Kamfanonin Jouef da REE Modèles sun yi na Faransa, Electrotren ya yi na Sifaniya, Märklin kuma ya daɗe yana fitar da taragai masu ganguna. Ka lura cewa na Märklin an yi su ne domin tsarin wutarsa na daban, ƙafafunsu ba su raba wuta tsakanin ƙarafan layi biyu ba, don haka idan layinka na tsarin ƙarfe biyu ne sai ka sauya musu ƙafafu, in ba haka ba wuta za ta haɗu jirgi ya tsaya cak.

Daga nan sai ka nemi hoton na asali, ko da guda ɗaya ne. Tsofaffin katunan gaisuwa na Faransa na farkon ƙarni na 20 cike suke da hotunan tashoshin Languedoc, kuma ana samun da yawa a intanet. Ka ajiye hoton kusa da samfurin ka bi su sannu a hankali. Ka duba ko gangar tana zaune a kan matashin katako da aka sassaƙa daidai da cikinta, ka duba sandunan ƙarfen da suka ɗaure ta da shimfiɗa, da tsani da ɗan dandamalin da ma'aikaci ke takawa ya buɗe marfin sama, da famfon da ke ƙasan fuskar gangar. Wasu suna da ɗan ɗakin mai birki a ɗage, inda mutum ke zama yana murɗa birkin hannu idan direba ya busa, wasu kuma an gina musu bango da rufi gaba ɗaya domin kare gangar daga rana da masu huda ta su sata, ta yadda daga nesa sai ka ɗauka taragon kaya ne kawai. Yawancinsu mallakar 'yan kasuwa ne da kamfanonin haya, ba na kamfanin jirgin ba, shi ya sa ake ganin sunan mai shi da garinsa da manyan baƙaƙe, tare da harafin P kusa da lamba. Samfuran da aka yi domin talla, masu launi mai ƙyalli da sunan da bai taɓa hawa layin dogo ba, suna da kyau a cikin kabad, amma ba na sa su a cikin jerin da nake so ya yi kama da gaskiya.

Kafin a taɓa fenti, a tabbatar taragon yana tafiya lafiya. Ƙa'idar NEM ta masu wannan sha'awa a Turai ta tanadi aƙalla giram 0.4 ga kowace milimita ta tsawon tarago a ma'aunin HO, wato tarago mai milimita 100, wanda ke wakiltar mita 8.7, ya kai giram 40. Masu gangar roba sukan gaza haka, kuma tarago marar nauyi shi ne ke fara sauka daga layi a kwana idan yana tsakiyar dogon jeri. Idan gangar tana buɗuwa, ka manna ɗan ƙarfe a can ƙasan cikinta, daidai tsakiya, domin nauyin da ya hau sama yana sa tarago ya riƙa rangaji. Ka auna tazarar ƙafafun da ma'aunin da ake sayarwa domin haka, ka juya kowane gatari da yatsa ka ga yana juyawa ba tare da cijewa ba, sannan ka duba cewa mahaɗin da ke jona shi da wani tarago yana tsayi ɗaya da na sauran taragai.

Aikin da ya fi cin lokaci, ya kuma fi biyan wahala, shi ne tsofar da gangar. Sabon samfuri yana fitowa da ƙyallin roba, alhali gangar asali ta sha rana da ruwa da hayaƙin kwal. Ka wanke shi da ruwan sabulu kaɗan ka bar shi ya bushe sarai. Sannan ka dama fenti na ruwa, baƙi da ruwan ƙasa, ya yi tsararo kamar ruwan shayi, ka shafa da burushi mai laushi kana bin tsawon allunan katakon, domin ya kwanta a cikin tsagogin da ke tsakaninsu ya fito da su. Idan ya sha iska, ka ɗauki burushi busasshe, ka taɓa fenti mai ruwan toka, ka goge kusan dukkansa a jikin tsumma, sannan ka shafi saman gangar sama-sama, inda rana ta fi duka. Ɗamarar ƙarfen takan so baƙi da ɗan jan tsatsa a gefe-gefe, ba ko'ina ba. Tabon giyar kuwa daga marfin sama yake gangarowa, da kuma ƙarƙashin famfo, kuma idan ya tsufa launinsa duhu ne mai kusan baƙi da ɗan shuɗi-shuɗi, ba ja wur ba. Layi biyu ko uku sirara sun isa. A taragona na farko na yi amfani da jan fenti kai tsaye daga kwalba, sai gangar ta fito kamar an yanka rago a kanta, dole na wanke na sake, kuma a wajen wankin rabin sunan mai taragon ya goge, abin da har yau yake damuna idan na dube shi. Tun daga ranar nake gwada kowane haɗi a jikin wani guntun roba tukuna, nake kuma rufe rubutu da siririn shafen kariya marar ƙyalli kafin in fara. Ƙasan taragon, wato shimfiɗa da gatura da ƙafafu, ƙurar hanya ce ke hawansa, don haka ruwan ƙasa mai haske ya wadatar, amma kada fenti ya taɓa inda ƙafa ke taka layi.

Wajen jera jirgi, hoto ne zai sake yi maka jagora. A tashoshin Languedoc ana ganin taragan ganguna da yawa a jere, masu ganga ɗaya da masu biyu a cakuɗe, tsayinsu da launinsu ba ɗaya ba tun da masu su daban-daban ne, a ƙananan layukan karkara kuwa ɗaya ko biyu ne a tsakiyar taragan kaya. Idan teburinka na shekarun 1950 ne, ka haɗa tsofaffin na katako da sababbin tankunan ƙarfe, domin haka suka yi zama tare. Wurin lodi ba ya buƙatar fili mai yawa: gajeren layi a gefen rumbu mai jan rufi, famfo, tiyo da aka yi da siririyar waya mai laushi ya hau zuwa marfin gangar, ma'aikaci ɗaya a kan dandamali, da 'yan ƙananan ganguna a ƙasa kusa da amalanken doki.

Mai ajiye waɗannan kaya a ƙasarmu yana da ƙarin aiki da littattafan Turai ba su cika ambata ba. Zafin bazara yana lanƙwasa roba idan aka bar tarago kusa da taga ko a cikin mota, ƙurar hunturu kuma tana kwanciya a kan layi ta hana wuta isa ga kan jirgi, don haka a rufe tebur da ƙyalle marar gashi, a kuma goge layin kafin kowane wasa. Samfuran da gangarsu ta katakon gaske ce suna yin abin da na asali ke yi, wato katakon yana tsukewa idan iska ta bushe, ɗamara ta saki. A wancan zamani ma'aikata sukan kula kada gangar asali ta bushe domin allunanta su ci gaba da matsewa, amma kada ka jiƙa ƙaramar, domin ruwa zai kumbura ta ya ɓata rubutun. Ka ɗiga gam na katako kaɗan da bakin tsinke a ƙarƙashin ɗamarar, ta ɓangaren da ido ba ya gani, ka riƙe na ɗan lokaci, sannan ka mayar da taragon cikin kwalinsa, a cikin akwati mai marfi, nesa da bangon da rana ke duka.